Yadda Ake Ciyar da Babbar Tarantula da Kula da Danshin Gidanta a Jos

Tarantula wani irin babban gizo-gizo ne mai gashi. Manyan tarantula da aka fi kiwo 'yan ƙasa mai laima ne. Theraphosa blondi, wadda faɗin ƙafafunta ke kaiwa santimita 28, daga dazukan Guyana da arewacin Birazil take. Lasiodora parahybana ma 'yar Birazil ce, Hysterocrates gigas kuwa ta maƙwabciyarmu Kamaru ce. A Jos, da zarar hunturu ya kankama daga Disamba zuwa Fabrairu, danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 30 cikin 100, dare kuma ya yi sanyin da ba su saba da shi ba. Ba kasafai yunwa ke kashe su a nan ba. Bushewa ce, ko iskar da ba ta motsi, ko maganin ƙwari.

Fara da ƙasar akwatin

A akwatin gilashin da za ta zauna, zuba ƙasa mai zurfin santimita 12 zuwa 15: garin ɓawon kwakwa gauraye da ƙasar da ba a taɓa sa mata taki ko magani ba. Hysterocrates mai haƙa rami ce, ƙara mata ya haura 20. Jiƙa ƙasar, ka damƙi cikin tafin hannu ka matse. In ta dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ba, ta yi daidai. In ya ɗiga, ruwan ya yi yawa.

Kada ka dogara da feshi. Ruwan feshi saman ƙasa kawai yake jiƙawa, iskar hunturu ta shanye shi cikin 'yan sa'o'i, dabbar kuma ta firgita a banza. Maimakon haka, soka yatsa ko sanda a kusurwa ɗaya, ka tsiyaya ruwa kamar rabin kofin shayi ya gangara har ƙasa. Ana son can ƙasa ya zauna da duhun laima, sama kuma ya ɗan sha iska. Ta jikin gilashi za ka ga inda layin laimar ya tsaya, kuma wannan layin ya fi ƙaramin ma'aunin danshi mai araha faɗin gaskiya. Da hunturu duba shi duk kwana 3 ko 4. Da damina, musamman Yuli da Agusta, sai ka yi mako biyu ba ka ƙara ko ɗigo ba. Theraphosa ce mai tsananin buƙata, Lasiodora tana jure rabin akwati a bushe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne toshe ƙofofin iska don a riƙe danshi. Tarantula na numfashi ne ta wasu huhu guda huɗu da ke ƙarƙashin cikinta, kuma iska mai jiƙa da ba ta motsi tana kawo fumfuna da 'yan mitsi-mitsin ƙwari farare. Huda ƙananan ramuka a gefe biyu masu fuskantar juna, iska ta ratsa.

Ajiye mata ruwa a faranti marar zurfi, faɗin santimita 8 zuwa 10, ba soso ba auduga, domin datti kawai suke tarawa. Zafin da ake so digiri 24 zuwa 28 ne. In daren Jos ya yi tsanani, manna shimfiɗar ɗumi ta lantarki a gefen akwatin, ba a ƙarƙashi ba, saboda in zafi ya dame ta ƙasa take nutsawa. Kaskon garwashi kuwa kada ya shiga ɗakin.

Abinci

Babba tana cin manyan gyare 3 ko 4, ko babban kyankyaso ɗaya zuwa biyu, duk kwana 10 zuwa 14. Matashiya kuma duk kwana 5 zuwa 7, abin da bai fi girman cikinta ba. Miƙa shi da dogon hantsaki da yamma, lokacin da take fitowa farauta.

Abincin ya zama wanda ka kiwata da kanka a bokitin roba, kana ba shi dusa, karas da kabeji da aka wanke sosai. Kyankyason ɗakin girki da farar gona ba su da aminci, domin wataƙila sun bi ta inda aka yi feshi, kuma ƙwaro ɗaya ya isa ya yi ɓarna. Haka maganin sauro, na fesawa da na kunnawa: ɗakin da take ciki a haƙura da su, a rataya gidan sauro. Ɓera ba dole ba ne, ragowarsa saurin ruɓewa take yi a ƙasa mai laima.

Duk abin da ba ta ci ba cikin awa 24, fitar da shi, tare da ɗan dunƙulen ragowar da take yarwa a kusurwa. Lura da cikinta: in ya yi suntum fiye da gaban jikinta sosai, tsawaita kwanakin. Mai ƙiba in ta faɗo daga jikin gilashi cikin yana iya fashewa, shi ya sa tazarar ƙasa da murfi kada ta wuce faɗin ƙafafunta sau ɗaya da rabi.

Lokacin saɓa

In ta ƙi abinci makonni, ga ciki a cike, sanƙon da ke bayan cikinta (in tana da shi) ya koma baƙi mai sheƙi, saɓa ce ke tafe. Daina ba ta abinci, cika farantin ruwa. Za ta kwanta rigingine, kada ka taɓa ta, kada ka juya ta. Gyare ɗaya da aka manta a ciki yana iya cin jikinta tun yana da taushi. Bayan saɓar jira kwana 10 zuwa 14, har fiƙoƙinta su tashi daga fari su koma baƙi wuluk, sannan ka ba ta ƙaramin abu.

Wadda ta kife a kan ciki, ƙafafu a naɗe ƙarƙashinta, ciki a yamutse, ba saɓa take yi ba, ƙishi ne. Sa bakinta a gefen farantin ruwa a hankali, cikinta na waje don kada huhun su nutse, ka jiƙa kusurwar da ke kusa da ita. Sa safar hannu kafin ka yi, ka kau da fuskarka, domin 'yan Kudancin Amurka suna karkaɗo gashi mai ƙaiƙayi da ke cutar da ido, ta Kamaru kuma cizo take yi.