Darasi na Tara: Zuwa Asibitin Unguwa Karɓar Allurar Korona

Malami ya fara karanta sashen farko da ƙarfi, a hankali, sannan ɗalibai su karanta bi da bi.

Karatu

Korona cuta ce ta numfashi. Ƙwayar da ke kawo ta ido ba ya ganinta. Tana fita daga hanci da bakin mai ɗauke da ita in ya yi tari ko atishawa, ko ma hira kawai a ɗakin da iska ba ta ratsawa. An fara ganinta a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Ranar 6 ga Maris 2020 aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu a Kamaru, a Yawunde. Bayan kwana biyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce annoba ce da ta game duniya. Duk wanda ke ajin nan ya tuna abin da ya biyo baya. An rufe iyakoki da makarantu, an sa takunkumi a fuska, kuma Hajjin 2020 da na 2021 babu maniyyacin da ya tashi daga nan, don Saudiyya ta taƙaita aikin ga mazauna ƙasarta.

An fara allurar rigakafin korona a Kamaru ranar 12 ga Afrilu 2021, kuma ministan lafiya, Manaouda Malachie, yana cikin waɗanda suka fara miƙa damtse. Iri huɗu aka kawo ƙasar: Sinopharm, AstraZeneca, Johnson & Johnson da Pfizer. Mutanen Garwa da yawa ƙwallo ce ta kai su asibiti. A Janairun 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka, dokar da aka shimfiɗa ita ce sai mai shaidar allura da ta gwaji zai shiga filin Rumde Ajiya, inda Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema.

A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an fita daga halin gaggawa. Ba ta ce ƙwayar ta ƙare ba. Tana nan tana yawo, sai dai yawancin masu kamuwa yanzu mura suke yi su warke. Waɗanda take kayarwa su ne tsofaffi, da masu ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya ko na huhu, da masu cutar sida, da mata masu ciki. Su ne hukumar ta sa a gaba wajen karɓar allura, tare da ma'aikatan asibiti, kuma ga tsofaffi da masu irin waɗannan cututtuka tana ba da shawarar a ƙara wata bayan wata 6 zuwa 12.

Yadda allurar ke aiki

Allah ya yi wa jiki garkuwa. In baƙuwar ƙwaya ta shiga, jiki yakan ɗauki kwanaki kafin ya gane ta ya haɗa abin da zai yaƙe ta, kuma a cikin kwanakin nan ne cuta take cin mutum. Allurar tana nuna wa jiki kamannin ƙwayar tun kafin ta zo. Wata da matacciyar ƙwaya ake yin ta, kamar Sinopharm, wata kuma saƙo kawai take kai wa jiki ya san siffarta. Babu wadda a cikinsu ke ɗauke da ƙwayar korona mai rai, saboda haka allurar ba ta sa wa mutum korona. Jiki yana buƙatar kamar mako biyu kafin kariyar ta kankama.

Masu dabbobi sun riga mu sanin wannan. A Bokle, kusa da Garwa, akwai gidan gwamnati da ke haɗa allurar rigakafin dabbobi, kuma makiyayi ba ya jira saniya ta kwanta kafin ya kai ta. Lafiyayya ake yi wa.

A faɗi gaskiya, wanda ya yi allura yana iya kamuwa. Amfaninta shi ne rage tsananin ciwo, da kwanciya asibiti, da mutuwa.

Kafin ka tafi

Ka fara tambaya. Ka aika yaro, ko ka tambayi ma'aikacin lafiya na unguwa: akwai allurar korona a asibitinmu? Wace rana ake yi? Ba kullum ake samu ba, kuma akwai dalili. A firiji ake ajiye ta, a sanyin da ke tsakanin digiri 2 da 8. Kwalba ɗaya ta mutum da yawa ce, kamar waɗanda aka kawo lokacin annobar: ta Johnson & Johnson mutum 5, ta AstraZeneca yawanci mutum 10. In aka fasa kwalba, dole a gama da ita cikin awa 6, abin da ya rage a zubar. Shi ya sa wani lokaci malamar asibiti takan ce a jira mutane su taru. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauka wulaƙanci ne, ya yi fushi ya koma gida, ya yi asarar kuɗin babur a banza.

Ka tafi da safe, ka karya kumallo. Ka riƙe katin ɗan ƙasa, da tsohon katin rigakafi in kana da shi, da takardar magungunan da kake sha ko kwalinsu. Ka sa rigar da hannunta ke naɗewa har kafaɗa, don a damtse ake yi. Maza masu babbar riga da 'yar ciki mai matsattsen hannu su kan sha fama a nan. Macen da ta fi son mace ta yi mata, ta faɗa tun a bakin ƙofa, ba abin kunya ba ne.

Allurar korona kyauta gwamnati ta ba da ita, ko dala ba a biya.

Hira

Ɗalibai biyu su karanta, ɗaya Baba, ɗaya Malama.

Baba: Salamu alaikum. Malama, ina kwana?
Malama: Wa alaikumus salam. Lafiya lau, Baba. Sannu da zuwa, ga kujera.
Baba: Yauwa, 'yata. Allurar korona na zo. Ɗana ne ya matsa mini, wai saboda sugan nan.
Malama: Ya kyauta. Kawo katin ɗan ƙasa. Shekarunka nawa, Baba?
Baba: Sittin da bakwai.
Malama: An taɓa yi maka ta korona?
Baba: Sau ɗaya, lokacin ƙwallo. Ga katin, ya ɗan sha ruwa.
Malama: Ai ana iya karantawa. Yau jikinka da zafi? Akwai zazzaɓi ko tari?
Baba: Babu, alhamdu lillahi.
Malama: Wata allura ko wani magani ya taɓa kumbura maka fuska, ko ya toshe maka numfashi?
Baba: A'a. Waccan dai hannu ya yi mini tsami kwana biyu.
Malama: Wannan ba komai. Ban da na suga, akwai maganin da kake sha?
Baba: Akwai na hawan jini. In daina ne?
Malama: Kada ka daina ko ɗaya, Baba. Da wane hannu kake cin abinci?
Baba: Haba 'yata, da dama mana.
Malama: To, kawo na hagun. Saki jikinka. Shi ke nan.
Baba: Har kin gama?
Malama: Na gama. Zauna can kan benci minti 15, kada ka tafi sai na sallame ka.

Ku lura da tambayoyin Malama. Kowace da dalilinta, kuma amsar gaskiya take so. Mai zazzaɓi a ranar akan ce ya je ya warke ya dawo. Wanda wata allura ta taɓa toshe masa numfashi, sai likita ya duba shi tukuna. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa, ba don a hana ta ba, don a rubuta ne a kuma zaɓa mata wadda ta dace. Akwai ɗabi'ar nan tamu ta amsa "lafiya lau" ga kowace tambaya. A wajen gaisuwa tana da kyau, a gaban malamar asibiti tana iya cutarwa.

Zaman minti 15 zuwa 30 ɗin nan ma kada a raina shi. Mutum ƙalilan ne ƙwarai jikinsu ke ƙin allura nan take, amma in ta faru cikin mintocin farko take faruwa, kuma maganinta yana nan a asibitin.

Bayan ka koma gida

Tsamin hannu, kasala, ciwon kai, ɗan zazzaɓi: duk ana ganinsu, sukan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Ka sha ruwa sosai, ka huta, in ya dame ka ka sha farasitamol yadda aka gaya maka. Kada ka murza wurin, kada ka shafa masa komai. Wanda kuma bai ji komai ba kada ya ce ruwa aka ɗura masa, jiki ne ya bambanta.

Ka koma asibiti da gaggawa in numfashi ya yi wuya, ko fuska ta kumbura, ko ƙirji yana ciwo. Haka nan in a makonnin farko aka sami ciwon kai mai tsanani da ya ƙi sauka, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko ciwon ciki mai tsanani. An sami daskarewar jini ga mutane kaɗan ƙwarai bayan AstraZeneca da Johnson & Johnson, kuma kama shi da wuri shi ne magani. Wani abu da ya shafe mu musamman: zazzaɓin da ya wuce kwana biyu kada a ɗora wa allura. Nan ƙasar sauro ce, a je a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro.

Maganar cewa allurar na hana haihuwa ta yi yawo sosai a WhatsApp da majalisu. An yi wa ɗimbin mata a duniya, an bi diddiginsu, ba a ga ta hana ɗaukar ciki ba. Batun azumi kuwa, malamai da yawa sun yi fatawa cewa allurar damtse wadda ba ta abinci ba ce ba ta karya shi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi limaminsa, ko ya je tun a Sha'aban.

Karanta katinka

Nan ne aikin wannan aji. Katin rigakafi da Faransanci ko Ingilishi ake rubuta shi, amma ba sai ka iya harsunan ba kafin ka duba abin da ya shafe ka. Inda aka rubuta Nom da Prénom, nan sunanka yake. Ka ɗora katin kusa da katin ɗan ƙasa, ka bi harafi bayan harafi. A nan ƙasar sunayenmu da rubutun Faransanci suke a takardun hukuma: Usman ya zama Ousmane, A'ishatu ta zama Aïssatou. Yadda yake a katin ɗan ƙasa ko fasfo, haka ya kamata ya fito a katin rigakafi. In an yi kuskure, ka nuna tun kana gaban teburin. Gyaran da za a yi a minti ɗaya yau, a kan iyaka ko filin jirgi yana iya hana ka tafiya.

Sai ka nemi sunan allurar, da lambar kwalbar, da hatimin asibiti. Sannan inda aka rubuta Date, wato kwanan wata. Lamba uku ake rubutawa: ta farko rana, ta tsakiya wata, ta ƙarshe shekara. 12/04/2021 na nufin ranar 12, wata na 4, wato Afrilu, shekara ta 2021. Ku kula, watannin bature ake nufi, ba na Musulunci ba. Wata na 9 a kati Satumba ne, ba watan azumi ba.

Wasu alluran sau biyu ake yi. A lokacin annobar, Sinopharm ana komawa bayan mako 3 zuwa 4, AstraZeneca bayan mako 8 zuwa 12, Johnson & Johnson kuwa ɗaya ake fara yi. Malama za ta rubuta ranar komawa. Ka karanta mata ita da bakinka kafin ka tashi, ta tabbatar maka.

Ka sa katin a leda, ka ajiye shi tare da takardun haihuwa. Mai waya ya ɗauki hotonsa. Kada ka sayi katin da ba a yi maka allurarsa ba, laifi ne a hukuma, kuma ranar da ka kwanta likita zai yi aiki da abin da ke rubuce.

Irin wannan karatu shi ne na katin awon ciki, da katin yara na shan inna da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro, wanda Kamaru ta sa cikin rigakafin yara a Janairun 2024, da katin sanƙarau da shawara na maniyyata.

Lissafi

1. An yi wa Inna allura ranar Talata 05/03/2024, aka ce ta koma bayan mako 4. Kwana nawa ke nan? Watan Maris kwana 31 ne. Rubuta ranar komawa da lambobi. Wace rana ce a mako?
2. Kwalba ɗaya ta mutum 5 ce. Mutum 23 suka zo. Kwalba nawa za a fasa? Allurar mutum nawa za ta rage a ta ƙarshe?
3. An yi wa Baba allura ƙarfe 9 da minti 40. An ce ya zauna minti 30. Ƙarfe nawa zai tashi?

Rubutu

Kowa ya fito da katin ɗan ƙasarsa, ya kwafi sunansa da ranar haihuwarsa a littafi sau uku, daidai yadda suke.

Cika gurbi: Ana yin allura a ________. Bayan allura zan zauna minti ________. In zazzaɓi ya wuce kwana ________ zan koma asibiti.

Rubuta tambayoyi biyu da kake son yi wa malamar asibiti.

Ga malami

Amsar lissafi na farko kwana 28, Talata 02/04/2024. Na biyu kwalba 5, ta mutum 2 za ta rage. Na uku ƙarfe 10 da minti 10. Ɗalibai sukan rikice a inda lissafi ya tsallaka daga wata zuwa wata, don haka a zo da kalanda a ƙirga da yatsa. Kada a tilasta wa kowa faɗin ciwonsa a gaban aji, kuma wanda bai yi allura ba kada a nuna shi. Tambayoyin da ɗalibai suka rubuta a tara su, a gayyaci ma'aikacin lafiya na asibitin unguwa ya zo zama na gaba ya amsa. A roƙe shi ya zo da katin da ba a rubuta komai a kai ba, a zana irinsa a allo, kowa ya gwada cikawa.