Yadda ma'aji zai nuna lissafin kuɗin jama'a a takarda ɗaya

A Aboabo da Asawase da sauran zangunan Kumasi, da wuya ka sami unguwar da ba ta da wani asusu na jama'a: kwamitin gyaran masallaci, kuɗin iyayen yara a makarantar Islamiyya, ƙungiyar samari, ko adashin mata 'yan kasuwar Kejetia. Kuɗi suna shigowa, wasu hannu da hannu, wasu ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Ranar bayani ce ake samun cikas. Ma'aji ya miƙe ya karanto lambobi shafi uku, jama'a su ce Allah ya saka da alheri, a watse ba wanda ya riƙe ko ɗaya. Daga nan ƙananan maganganu suke tasowa, ko da ma'ajin bai taɓa ko sisi ba. A ganina duk wanda ya ciro kuɗi daga aljihunsa yana da haƙƙin ya gane inda suka shiga, kuma sauƙaƙa masa ganewar na cikin amanar da aka ɗora maka.

Fara da tambaya ɗaya tak. Kafin ka taɓa waya ko kwamfuta, rubuta abin da mutane suke son sani a jimla guda. Galibi ɗayan uku ne: nawa ya shigo, ina aka kashe, nawa ya rage a kammala aiki. Kowace tambaya da zanenta. Idan ka cusa su duka a zane guda, ba wadda za ta amsu.

Sai ka gyara lambobin kansu, kuma nan ne aikin ya fi nauyi. Haɗa littafin rasit da saƙonnin MoMo wuri ɗaya, ka tabbatar abin da ya shigo, bayan an cire abin da aka kashe, ya yi daidai da abin da ke hannu da abin da ke banki. Ka tattara kashe-kashen zuwa rukuni huɗu ko biyar, misali siminti da yashi, ladan magina, wuta da ruwa, alawus ɗin malamai. Ƙananan abubuwa su shiga "sauran", amma kada "sauran" ɗin ya fi kowane rukuni girma, domin idon mai shakka can zai fara sauka.

Akwai abin da ya keɓanta da mu a Ghana wanda dole ka kula da shi. A watan Yulin 2007 Babban Bankin Ghana ya cire sifiri huɗu daga sidi, tsofaffin sidi 10,000 suka koma sabon sidi 1. Har yau iyayenmu da 'yan kasuwa da yawa da tsohon lissafi suke magana: idan Hajiya ta ce ta ba da miliyan ɗaya, sidi 100 take nufi. Don haka ka sa alamar GH₵ a gaban kowace lamba, ka rubuta a saman takardar cewa duk lissafin na sabon kuɗi ne. Babbar jimilla kaɗai za ka iya maimaitawa da tsohon lissafi a ƙarƙashinta da ƙananan haruffa, saboda dattawa. Kada ka gauraya su a cikin zanen.

Haka kuma in za ka gwada bana da shekarun baya, ka tuna darajar kuɗi ta sauya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a watan Disambar 2022. Sidi 5,000 na 2021 da na yau ba abu ɗaya suke saya ba. In aikin gini ne, ƙara layi guda da ke faɗin buhun siminti nawa kuɗin suka saya a kowace shekara. Wannan kowa ya san ma'anarsa. Kuma tunda sadaka ta fi yawa a watan azumi, shi kuma yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, gwada azumi da azumi ya fi gaskiya a kan gwada Maris da Maris.

Yanzu zaɓen zane. Zanen sanduna shi ne abokin tafiyarka: kowane rukuni da sandarsa, tsawonta gwargwadon kuɗinsa. Wani ɗan Sikotilan mai suna William Playfair ne ya fara buga irinsa a 1786, kuma har yanzu yana aiki saboda ido ya iya gwada tsawo da tsawo ba tare da an koya masa ba. Kwantar da sandunan a kwance don sunayen rukunai su sami wurin zama, ka jera su daga babba zuwa ƙarami. In tambayar ta wata-wata ce, tsayar da su daga Janairu zuwa Disamba. Zanen da'ira da ake yankawa kashi-kashi yana da kyan gani, amma da yankan sun wuce uku ido ya daina bambance wanne ya fi. Ni ba na amfani da shi sai in abu biyu ne kawai, abin da aka tara da abin da ya rage.

Sanduna kuwa dole su tashi daga sifiri. A ce an tara GH₵4,000 a wata ɗaya, wata na biye GH₵4,500. In ma'aunin ya fara daga 3,500, sanda ta biyu za ta ninka ta farko tsawo, alhali ƙarin bai wuce kashi ɗaya cikin takwas ba. Lambobin daidai suke, amma zanen ya yi ƙarya, kuma mutane zanen za su tuna. Manhaja kan yi wannan da kanta wani lokaci, sai ka duba.

Kayan aiki ba su da wuya. A Google Sheets na waya, rubuta sunayen rukunai a layin farko daga sama zuwa ƙasa, kuɗinsu a na kusa da shi, ka zaɓe su duka, ka taɓa alamar + ka zaɓi Chart. Excel ma haka yake. Wanda ba shi da waya mai kyau ya nemi takardar lissafi mai gida-gida irin ta 'yan makaranta, ya ƙayyade cewa gida ɗaya sidi 100 ne, ya cike gidajen da alƙalami. Irin wannan na hannu ba ya jiran wuta.

Daga nan sai ragewa. Cire inuwa, cire hoton bango, cire sanduna masu kauri kamar za su fito daga takarda. Launi ɗaya ya isa, sai na biyu ga sandar da kake son a lura da ita. Guji haɗa ja da kore a matsayin abin bambancewa, domin akwai mutane, musamman maza, da idonsu ba ya raba su, kuma in aka buga da baƙi da fari duk su zama toka-toka. Rubuta adadin a bakin kowace sanda. Kanun zanen ya faɗi sakamakon kai tsaye: "Rabin kuɗin bana rufin masallaci ya ci" ya fi "Rahoton kashe kuɗi" amfani. A zango ana jin Hausa da Turanci da Twi, wasu dattawan kuma ajami suka fi karantawa, saboda haka ka taƙaita kalmomi, ka bar lambobi manya.

Sunayen waɗanda ba su biya ba, da lambobin wayar masu bayarwa, ba su da wuri a wannan takarda. Takardar za ta yi yawo fiye da inda ka aika ta, ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2012. Ko ba don doka ba, wani ya ba da sadakarsa ne a ɓoye, wani kuma rashi ne ya hana shi.

Kafin ka fitar, kai wa mutum biyu da ba sa cikin kwamiti, dattijo ɗaya da mace ɗaya daga cikin masu bayarwa. Miƙa takardar ka ce, "Baba, me ka gani a nan?", sannan ka yi shiru. In amsarsa ta yi daidai da kanun da ka rubuta, aiki ya yi. In ya fara juya takardar yana neman mafari, koma ka rage wani abu.

Wadda za a liƙa a allon sanarwa, a buga ta a takardar A3, a gwada karanta ta daga nisan taku uku. Ta WhatsApp kuwa, a yi ta a tsaye daidai fuskar waya, a duba ko lambobin na karantuwa bayan an aika, don manhajar tana rage ingancin hoto. Haɗa da gajeren saƙon murya da Hausa mai faɗin jimillar da ta shigo, wadda ta fita da wadda ta rage. A ƙasan takardar ka sa kwanan wata, da wurin da duk mai son ganin rasit zai same su. Wata mai zuwa ka riƙe rukunan nan da launin nan da ma'aunin nan, don wanda ya ajiye ta wannan watan ya iya jera su biyu ya gwada.