Sababbin zuwa Ingila: kuɗin wuta da hirar siyasa a wajen aiki

Salamu alaikum 'yan'uwa, musamman ku da kuka sauka kwanan nan da bizar karatu ko ta aikin kula da tsofaffi. An gaya muku maganar jaket da lambar inshora da neman ɗaki, amma akwai abin da ni ba wanda ya faɗa min sanda na zo, wato hirar siyasa lokacin hutun shan shayi a wajen aiki. Mu a gida mun saba, a teburin mai shayi kowa ya ɗaga murya a tashi lafiya. Nan Bature da ƙorafin kuɗin gas yake farawa a hankali, kafin ka ankara an shiga jam'iyya an shiga maganar baƙi, kai kuma kana zaune ana satar kallonka.

Toh ka fara sanin bil ɗinka. Akwai hukumar kula da makamashi mai suna Ofgem, ita ke yanke iyakar farashin gas da lantarki duk wata uku, kuma don Allah ka gane, iyakar a kan farashin kowane yunit take, in ka ƙona da yawa za ka biya da yawa. Sannan akwai kuɗin kullum da ake cira ko ba ka kunna ko kwan fitila ba. Sanyina na farko mitar kati ce a gidan da nake haya, na je gida wata guda na dawo cikin dare ga sanyi, na sa fam 20 a shagon unguwa, ina zura katin mita ta cinye wajen rabi bashin kwanakin da ba na nan. Wallahi ranar da jaket na kwana. Shekarar 2022 ce, bayan Rasha ta shiga Yukren farashin gas ya haukace, har gwamnatin Liz Truss ta shigo ta tsayar da bil ɗin matsakaicin gida a wajen fam 2,500 a shekara. Wutar lantarki ma gas take bi, don tashoshin gas ne galibi ke yanke farashinta.

Daga nan maganar firakin ke shigowa. Abin da ake nufi shi ne a haƙa rijiya mai zurfi a tura ruwa da yashi da sinadarai da ƙarfin tsiya, dutsen ƙarƙashi ya tsattsage gas ya fito. Amurka ta yi ta samu gas mai arha. Nan kamfanin Cuadrilla ya gwada a Lancashire kusa da Blackpool, a Agusta 2019 ƙasa ta girgiza da maki 2.9, zuwa Nuwamba gwamnati ta dakatar. Truss ta ɗage takunkumin a Satumba 2022, Rishi Sunak da ya gaje ta ya mayar da shi wata guda bayan haka. Jam'iyyar Leba ta yi alkawarin haramtawa gaba ɗaya, 'yan jam'iyyar Reform su kuma suna so a haƙa.

Akwai wata dattijuwa da muke aikin dare tare, 'yar wancan yankin ce. Na taɓa cewa ai in akwai gas a ƙasa a haƙa mana talaka ya huta, sai ta ajiye kofinta ta ce ita tana kicin ranar girgizar ƙasar, kwanukanta suka yi ƙara a kan kanta, kuma gidan nan shi kaɗai ta mallaka a duniya. Ban sake yin maganar da gatse ba. Ni yanzu ra'ayina haƙar ba za ta sauke bil da wuri ba, tunda a farashin kasuwar Turai za a sayar, Kwasi Kwarteng ma ya faɗi haka a farkon 2022 yana ministan kasuwanci da makamashi. Amma wanda ke goyon baya shi ma ba mahaukaci ba ne, galibi mutum ne da yake zaɓa tsakanin hita da cefane, ka saurare shi.

Sai maganar launin fata a gwamnati, nan ne za a juyo a ce kai me ka gani. A gwamnatin Truss manyan kujeru huɗu ba farar fata namiji ko ɗaya, Kwarteng ɗan asalin Gana yana ministan kuɗi, James Cleverly wanda mahaifiyarsa 'yar Saliyo ce yana harkokin waje. Sunak ɗan asalin Indiya ya zama firaminista, Sadiq Khan Musulmi yana magajin garin Landan tun 2016. Abin a yaba ne, ina so yarana su tashi suna ganin haka. Amma kar ka ɗauka duk mai fatarka naka ne. Kemi Badenoch a Legas ta girma, ta zama shugabar jam'iyyar Konsabatib a Nuwamba 2024, kuma a Disamba ta fito ta ce ita Bayarbiya ce ba abin da ya haɗa ta da mutanen Arewa, har tana ambaton Boko Haram. Maganar ta yi min ciwo sosai. In aka tambaye ka kar ka hau zagi, ka ce kai manufa kake dubawa, me mutum ya ce kan biza, kan albashi, kan haya. In kuma hira ta koma cin mutuncin Musulmi ko baƙi, tashi kawai, ka rubuta rana da abin da aka faɗa ka kai wa manaja ko ƙungiyar ma'aikata, doka tana bayanka.

Abin da da yawa ba su sani ba, ɗan Najeriya ko Gana ko Kamaru da ke da izinin zama yana da ƙuri'a a nan, ko ɗalibi ne, saboda ƙasashen suna cikin Kwamanwel. 'Yan'uwa na Nijar da Chadi da Sudan ban da su a zaɓen majalisar ƙasa sai sun zama 'yan ƙasar Birtaniya. Rajista a shafin gwamnati ake yi, mintuna kaɗan ne, kuma tun 2023 sai da katin shaida mai hoto ake shiga rumfa a Ingila, fasfonka na gida ya isa.