Yadda Za Ka Gina Ra'ayi Mai Tushe a Kan Manga da Anime

A teburin mai shayi a Unguwar Rogo ko Gangare, idan sanyin Jos ya sauko da daddare aka matsa kusa da murhu, musun ƙwallon Turai ya samu kishiya, domin yanzu ana iya raba dare ana gardama a kan wanda ya fi ƙarfi tsakanin Goku da Naruto, taurarin labaran zane na Japan. Na sha zama ina saurare, kuma abin da na lura da shi shi ne, waɗanda suka fi ɗaga murya sau da yawa ba su ga komai ba sai gutsattsarin bidiyo a TikTok. Wanda yake son maganarsa ta yi nauyi, a majalisa ko a rubuce, akwai aikin da zai fara yi kafin ya buɗe baki.

Da farko ka raba manga da anime, domin ayyuka biyu ne daban ko da sunan labarin ɗaya ne. Manga labari ne na zane a takarda, yawanci baƙi da fari, wanda ake fitarwa babi-babi a mujalla kafin a tattara shi a juzu'i. Mujallar da ta fi shahara ita ce Weekly Shonen Jump ta kamfanin Shueisha, wadda aka fara bugawa a 1968, kuma a cikinta ne Dragon Ball na Akira Toriyama ya fara fitowa a 1984, One Piece na Eiichiro Oda a 1997, sai Naruto na Masashi Kishimoto a 1999. Anime kuwa zane ne mai motsi da murya da kiɗa, kuma galibi wani kamfani ne daban yake ɗaukar labarin ya sarrafa shi. Saboda haka idan za ka yaba ko ka kushe, ka fayyace wanne kake nufi, kada ka ɗora wa marubuci laifin kamfanin zane. Idan karatun manga za ka fara, ka sani ana karanta shi ne daga dama zuwa hagu: ka fara da akwatin da ke sama ta dama, ka bi zuwa hagu, sannan ka sauko. Duk wanda ya riƙe allo a makaranta ko ya saba da ajami, cikin shafi biyu idonsa zai zauna.

Abu na biyu ya fi kowanne muhimmanci a wurina, wato sanin waɗanda aka yi wa aikin. A Japan ana kasa manga gwargwadon masu karanta mujallar da ta buga shi: shonen na samari ne, shojo na 'yan mata, seinen na manyan maza, josei kuma na manyan mata. Wanda ya ɗauki labarin shonen, inda yaro marar gata yake ta horo har ya zama gwarzo, ya ce ya ƙi shi saboda yawan ihu da faɗa, kamar wanda ya je filin dambe ne yana kukan an cika naushi. Sai dai kada wannan rabon ya yaudare ka ka ɗauka shi ne ma'aunin abin da ya dace da yara. Death Note a mujallar samari ya fito, alhali labari ne na ɗalibin da ya tsinci littafin da ake kashe mutum da rubuta sunansa a ciki. Haka ma Attack on Titan na Hajime Isayama, wanda ƙattai suke cin mutane a cikinsa tun daga kashin farko. Kuskuren da iyaye da yawa suke yi shi ne su leƙa wayar yaro, su ga zane, su ce ai katun ne. Fim ɗin Isao Takahata na 1988, Grave of the Fireflies, zane ne shi ma, amma labarin wani yaro ne da ƙanwarsa da yunwa ta cinye bayan ruwan bama-bamai a birnin Kobe a 1945, kuma ban san babban da ya kalle shi ya tashi da busasshen ido ba.

Daga nan sai tambayar yawan abin da ya kamata ka kalla kafin ka yanke hukunci. Kashi ɗaya yakan ɗauki kusan minti 24, zango guda kuma yakan ƙunshi kashi 12 ko 13. Masu kallo suna da al'adar ba wa sabon shiri kashi uku kafin su ci gaba ko su ajiye shi, kuma al'ada ce mai kyau ga gajeren shiri. Ga dogon shiri ba ta wadatar ba. Naruto yana da kashi 220, ci gabansa Shippuden yana da 500, wanda idan ka lissafa ya haura kwana 11 ana kallo ba barci, One Piece kuwa ya wuce kashi 1,000 kuma bai ƙare ba. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya fara da abin da zai iya kai wa ƙarshe, kamar Death Note mai kashi 37, domin ba a auna labari da kyau sai an ga inda ya sauka.

A dogayen shirye-shiryen nan akwai abin da za mu iya kira ciko. Marubuci yana fitar da babi ɗaya a mako, kamfanin zane kuma yana iya cinye babi biyu ko uku a kashi guda, don haka ba a jimawa sai ya kamo marubucin. Maimakon ya dakata, sai ya ƙirƙiro nasa labarin na ɗan lokaci wanda babu shi a manga. Mutane da yawa da suka ce Naruto ya gundure su, a tsakiyar ciko suka tsaya. Wani lokaci ma kamfanin yakan bi tasa hanyar gaba ɗaya: Fullmetal Alchemist na 2003 ya rabu da littafin Hiromu Arakawa ya yi nasa ƙarshen, sai a 2009 aka sake yin sa da sunan Brotherhood, mai kashi 64, ya bi littafin sau da ƙafa. Mutum biyu suna iya kwana suna musu a kansa ba su san shiri biyu daban suka kalla ba.

Batun harshe ba zan daɗe a kansa ba. Za ka iya kallo da muryar Japananci da rubutun fassara a ƙasa, ko kuma wanda aka ɗora wa muryar Turanci. Wanda ya saba da fassarar fina-finan Indiya zuwa Hausa ya san yadda mai fassara yake iya ƙara barkwancin da babu shi a asali. Ni na fi son na farkon, domin a nan ne ake jin kalmomin girmamawa irin su sensei da senpai, waɗanda kunnen Bahaushe da ya saba da Malam da Yaya yake gane nauyinsu nan take. Ka kuma yi hattara da abin da ake tura maka a shagon turi a kasuwar Terminus ta Jos, saboda wasu fassarorin na 'yan sa-kai ne da ba a tace ba. Shueisha tana da manhajar Manga Plus tun 2019, inda ake karanta sababbin babobi kyauta.

Yayin kallon, ka auna labari daban, zane daban. Tambayar da ta fi yi mini amfani a kan labari ita ce: me tauraron ya biya kafin ya samu abin da ya samu? A Fullmetal Alchemist, 'yan'uwa biyu sun yi ƙoƙarin dawo da mahaifiyarsu da ta rasu, sai babban ya rasa ƙafa da hannu, ƙaramin ya rasa jikinsa duka, kuma duk abin da ya biyo baya a kan wannan asarar aka gina shi. Inda kuwa ƙarfi yake faɗo wa tauraro daga sama duk lokacin da ya shiga tsaka mai wuya, to marubucin ya yi ha'inci, kuma kana da hujjar faɗar haka. Ta fuskar zane, Demon Slayer misali ne mai kyau: labarinsa miƙaƙƙe ne ba wani lauje cikin naɗi, amma aikin kamfanin Ufotable a wuraren faɗa ya ɗaga shi sama. Kada kuma ka yi saurin kiran hoton da ya tsaya cak lalaci, domin tun 1963, lokacin da Osamu Tezuka ya kai Astro Boy talabijin, aka saba da rage yawan zane don a iya fitar da kashi kowane mako, har abin ya zama salo.

Akwai kuma batun addini da tarbiyya, wanda bai kamata mai rubutu ga Hausawa, Musulmi ne ko Kirista, ya tsallake shi ba. Spirited Away na Hayao Miyazaki, wanda ya fito a 2001 ya kuma ci kyautar Oscar a 2003, yana gudana ne a gidan wanka na iskoki da aka ɗauko daga Shinto, addinin gargajiya na Japan. A ganina fim ne gwanin kyau a kan yarinyar da ta koyi aiki da haƙuri don ceto iyayenta da haɗama ta mayar aladu, amma wajibi ne ka sanar da mai karatu abin da zai tarar. Wasu shirye-shiryen kuma suna cusa tsiraici ba tare da labarin ya buƙace shi ba, kuma wannan ka faɗe shi ƙarara. Hukuncin gwaninta da hukuncin dacewa da gidanka kowanne ka ba shi jimlarsa.

Idan ka zo rubutawa, ka fara da faɗin abin da ka kalla, inda ka tsaya, da kuma harshen da ka kalla da shi. Ka yi gargaɗi kafin ka tona mutuwar wani tauraro ko ƙarshen labari, domin wani yana can yana lallaɓa datarsa kashi ɗaya a rana. Maimakon ka rubuta cewa Death Note ya lalace daga baya, ka nuna kashin da ka ji ya fara sanyi, ka faɗi abin da ya canza a tsakanin taurarin, ka kuma bambanta abin da bai burge ka ba da abin da aka yi ba daidai ba. Idan wani ya kawo maka hujja daga kashin da ba ka kai ba, ka nemi lambar kashin, ka je ka kalla, sannan ka dawo da amsarka.