Kurakuran da aka fi yi da fon mai kauri irin Futura a kan bana da fosta

Futura ce uwar wannan salo na fon, wato tsarin zanen haruffa. Paul Renner ya zana ta, kamfanin Bauer na birnin Frankfurt a Jamus ya fitar da ita a 1927: haruffa marasa ƙafa (ba su da 'yan ƙawar nan ta ƙarshen layi), an gina su kan da'ira da alwatika da miƙaƙƙen layi. Avenir ta Adrian Frutiger ta biyo a 1988, Gotham a 2000 (ita ce a fostocin kamfen ɗin Obama na 2008), sai Montserrat ta Julieta Ulanovsky a 2011, wadda ake samu kyauta. Masu kaurinsu an yi su ne don 'yan kalmomin da za a hango daga nesa, kamar sunan shago ko taken taro.

Kuskuren da ya fi damun mai aiki da Hausa shi ne ya gama zayyana kafin ya duba ko fon ɗin na da haruffa masu ƙugiya. Da yawa an zana su ne don harsunan Turai kawai. Idan ka buga ƙ a fon da ba shi da ita, ko dai akwatin banza ya fito, ko manhajar ta aro harafin daga wani fon a ɓoye, sai ka ga ƙ siririya a tsakiyar kalma mai kauri. A fuskar kwamfuta ido na iya wucewa, amma a bana mai faɗin mita uku kowa zai gani. Wasu sai su cire ƙugiyar su huta, ƙasa ta koma kasa. Gyaran shi ne ka buga Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ tun farko, ka ƙara Ƴ ƴ in aikin na Nijar ne, ka faɗaɗa su ka duba ɗaya bayan ɗaya. Kada ganin ƙ ya sa ka saki jiki, domin ɓ da ɗ ƙanana a wani rukuni suke daban a Unicode, tsarin lambobin haruffa na kwamfuta, fon na iya ɗaukar wannan ya bar waɗancan. In babu su, sauya fon. Noto Sans na da su duka. In dole sai wannan ɗin, mayar da taken zane, wato haruffan su daina zama rubutu su koma siffofi, ka gina ƙugiyar da lanƙwasar saman f ta fon ɗin don kauri ya zo ɗaya. Duba kuma alamar da ke gaban 'y: manhajoji kan juya ta ta koma ta buɗe zance.

Sai jan rubutu ta gefe don ya cika wuri. Da zarar ka ja shi a faɗi, O ta tashi daga da'ira ta zama ƙwai, layukan tsaye su fi na kwance kauri, alhali daidaiton kaurin nan shi ne kyan fon ɗin gaba ɗaya. Ja ta kusurwa. In wuri ya yi kaɗan, nemi matsattsen nau'insa, kamar Futura Condensed, ko ka raba taken layi biyu.

Ɗan'uwan wannan shi ne kaurin jabu, wato danna B, maɓallin kaurara rubutu, a kan fon da ba shi da nau'i mai kauri, ko lafta masa layin gefe a manhajar zayyana ta CorelDRAW. Ramin cikin a da e da o ya toshe, tsinin A da W ya dakushe. Mai zanen asali yakan sirantar da layi a inda da'ira ta haɗu da sanda don kada wurin ya cushe, abin da kwamfuta ba ta yi maka. Saka Bold ko Extra Bold na ainihi.

Tazara kuma sai da ido. Rubuta KASUWA ko TALATA da manyan haruffa: tsakanin W da A, ko T da A, rami yake buɗewa saboda karkacewar jikinsu, har kalma ta yi kamar ta rabu biyu. Matso da waɗannan tagwayen da hannu, sauran ka bar musu iska kaɗan. Farin rubutu a kan baƙi ko shuɗi mai duhu ya fi bukatar tazara, don tawada na malala ta cinye gefensa.

Kada a zuba dogon bayani da mai kauri. A Futura ƙaramar a da'ira ce da sanda, a ƙaramin rubutu tana rikiɗewa ta yi kama da o, kuma Hausa cike take da a. Adireshi da jerin ranakun biki a kati su tafi da nau'i mara kauri, tazarar layi kamar kashi 120 cikin 100 na girman harafi, baƙin kuma K 100 zalla, wato baƙar tawada kaɗai, don kada launuka huɗu na maɗaba'a su goce wa juna.

A allon shago, masu sana'a kan ƙiyasta inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa goma ta nisan mai karatu. Kafin ka kai fayil maɗaba'a, zaɓi rubutun duka ka danna Ctrl+Q a CorelDRAW ya koma zane, in ba haka ba kwamfutarsu za ta musanya fon ɗin da wanda take da shi. Ajiye kwafi ɗaya da ba a mayar ba, saboda in mai aiki ya dawo da gyaran lambar waya, zane ba ya karɓar gyaran rubutu.