Kafin ka taɓa kod, ka fara ware abin da mai aiki yake so

Wani Alhaji mai shagon atamfa a kasuwar Kejetia ta Kumasi ya kira ni wai yana son manhajar lissafin kaya da bashi. Na ce Alhaji me kake so ta yi, ya ce "ta yi sauri, kar kuɗina su ɓata, yarana su iya aiki da ita." Shi ke nan, ya juya yana ciniki. In ka ɗauki wannan maganar haka ka tafi gida ka buɗe laftof, wallahi bayan wata biyu sai kun yi rigima, don abin da yake nufi da sauri daban, naka daban.

Ni ga yadda nake yi. Littafi nake ɗauka in zauna a shagon wuni guda, duk abin da ya faɗa in rubuta da bakinsa, ban gyara masa magana. Da na koma gida Aboabo sai in kasa su kashi uku.

Kashi na farko aikin da manhajar za ta yi: shigar da yadin da aka sayar, rubuta bashi, fitar da rasit. Wannan ba wuya, duk abin da za ka danna ka ga ya faru nan yake.

Na biyu shi ne yadda za ta yi aikin, wato inganci, kuma nan ne yawancinmu muke faɗuwa don ba maɓallin da ake dannawa a ga "aminci". Na uku abin da aka ɗaure ka da shi, ba zaɓinka ba ne: kuɗin da ya ware, dole ta karɓi MoMo (biyan kuɗi ta waya), dole ta hau tsohuwar wayar Android ɗin yaron shago. Har doka tana nan, don in za ka ajiye lambobin wayar masu bashi to dokar Ghana ta kare bayanan mutane ta 2012, Act 843, ta shafe ka.

To kashi na biyun nan shi ma sai an sake tsefe shi. Akwai ma'aunin duniya, ISO/IEC 25010, wanda ya fito a 2011 ya gaji ISO 9126 na 1991, ya raba inganci gida takwas: dacewa da aikin, sauri da cin kayan waya, zama lafiya da wasu manhajoji, sauƙin amfani, aminci, tsaro, sauƙin gyara, da sauƙin ɗauka zuwa wata na'ura. Bugun 2023 ya ƙara kare lafiyar mutane suka zama tara. Ba sai ka haddace ba, ni kamar takardar cefane nake riƙe shi, in duba ko na manta wani abu.

Abin da ya fi min amfani shi ne in tambayi kowace magana, wa zai ji zafi in babu ita? Sauri, aminci, tsaro, sauƙin amfani, Alhaji ne zai ji a shago ranar farko. Sauƙin gyara da sauƙin ɗauka kuwa kai ne za ka ji bayan wata shida ranar da ya ce ya buɗe wani shagon a Nima yana so a haɗa lissafi, kuma shi ba zai taɓa roƙonka waɗannan ba, kai za ka saka su da kanka a cikin farashi.

Sannan kowace magana ka mai da ita abin da za a iya gwadawa a gabansa. "Ta yi sauri" na mai da shi: shafin bashi ya buɗe cikin daƙiƙa 3 a wayar yaron, da netwok ɗin cikin kasuwa, ba wayfay ɗin ɗakina ba. "Kar kuɗina su ɓata" ashe magana biyu ce a cure. Ɗaya aminci, in dumso ya zo, wato an ɗauke wuta, ko netwok ya yanke ana tsakiyar shigar da ciniki kar lissafin ya salwanta, ya zauna a waya har layi ya dawo. Ɗayar tsaro, yaro ya iya shigar da ciniki amma kar ya iya gogewa, kuma a san wa ya shigar da ƙarfe nawa. Da na karanta masa wannan sai da ya ajiye almakashi ya kalle ni, ashe nan ciwon yake tun farko, bai dai son faɗa a gaban yaran.

Ka sani kuma suna karo da juna. In ka ce a saka lambar sirri a kowane ciniki tsaro ya ƙaru, amma ranar jajibirin Sallah layi har waje yaro zai manna lambar a jikin kanta kowa ya gani. Don haka kar ka yanke kai kaɗai, ka koma da takardar ka ce Alhaji a nan wanne ka fi so, ya jera maka na dole, na so, da wanda zai jira. Mu dai muka tsaya a kan lamba da safe sau ɗaya, sai kuma in za a rage farashi ko a yafe bashi, ya sa hannu a ƙasan takardar na ɗauki hotonta na tura masa a WhatsApp.