Kurakuran da ke kashe muryar sababbin mawaƙa a Legas

Na gaji da ganin yaro ya taso da murya kamar sarewa, bayan shekara biyu ka same shi yana gurnani kamar tsohon janareta. Daga Agege har Idi-Araba, ko sha'irin maulidi ne ko mawaƙin biki, kurakuran dai su ne su.

Babbansu shi ne yin gasa da lasifika, kuma shi ya kusa raba ni da sana'a. Wani biki ne a Agege, an kafa rumfa a tsakiyar layi, janareta na ruri a bayana. Mai kayan sauti ya juya duk lasifikokin suna kallon jama'a, ko ɗaya babu mai kallona. Ba na jin kaina, mutum kuwa in ba ya jin kansa ɗaga murya yake yi bai sani ba. Tun bayan isha'i nake ta fama har ƙarfe ɗaya na dare. Da maƙoshi ya fara zafi, wani ɗan amshina ya miƙo min Tom Tom, na jefa biyu a baki, na ji sanyi ya ratsa, na ci gaba da wasa uwar amarya. Washegari aka yi min sallama na kasa amsawa.

Abin da ban sani ba a lokacin, murya daga wasu 'yan tantani biyu take fitowa a cikin maƙogwaro, tsawonsu bai wuce gaɓar yatsa ba. Kaɗawa suke yi suna bugun juna, na namiji sama da sau 100 a daƙiƙa ɗaya, na mace wajen sau 200, in ka hau sama kuma adadin ya ƙaru. To lissafa awa huɗu ana tilasta musu. Kumbura suke fara yi, in aka ci gaba su yi kanta irin ta hannun manomi. Alewar mai sanyi ba ta warkar da komai, zafin kawai ta ɓoye min na ƙarasa ɓarnar da kaina. Likita ya ɗora min shiru, na mayar da kuɗin kafin alƙalami na biki uku, ina ji ina gani aka kira wasu.

Tun daga nan ba na buɗe baki sai an juyo min ƙaramar lasifika tana kallona. In babu, na toshe kunne ɗaya da yatsa kamar ladan, na matso da makirufo dab da leɓe. Ƙara sauti aikin mai na'ura ne, don shi aka biya shi. Ranar nan na ga wani ƙanena jijiyoyin wuya sun miƙe masa raɗa-raɗa, na ce masa: "Kai, da wa kake faɗa? Sauke, ka ce a ƙara maka." Sai ya ce wai kada a ce muryarsa ba ta da ƙarfi. Allah ya shirya.

Na biyu, cin dare. An tashi daga wasa ƙarfe biyu, sai a zarce wajen mai tsire, a zabga yaji, a kora da shayi mai kauri, a faɗa katifa. Kana kwance ruwan ciki mai tsami ya hauro har maƙogwaro. Wani zai ji ƙwannafi, wani ba zai ji komai ba, sai dai ya tashi da murya a dishe da kaki a maƙale, ya ce sammu aka yi masa. Ba wanda ya yi maka sammu, mai suyan Obalende ma bai san kana waƙa ba. Ni awa uku nake bari tsakanin abinci da kwanciya, in yunwa ta matsa na ci ayaba na ɗaga matashi.

Ku kuma masu kwankwaɗar ruwa leda biyu a bakin fage, kun makara. Hanyar abinci daban, hanyar iska daban. Da ruwan zai taɓa tantanin murya ai ƙwarewa za ku yi. Sai jiki ya tsotse shi tukuna, wannan kuwa awanni yake ɗauka. Da zufar garin nan, tun safe nake farawa, kurɓi-kurɓi, har fitsari ya yi haske. Zuma da citta da kanumfari ina sha, suna min daɗi a maƙoshi, amma su ma ciki suke tafiya. Abin da ke isa wurin kai tsaye shi ne suracen ruwan zafi zalla, minti goma.

Hawa fage ba ɗumama murya, kamar ɗan ƙwallo ne ya shiga fili daga barci. Ni baki rufe nake ɗan guna-guni daga ƙasa zuwa sama, sannan na kaɗa leɓe irin na yara masu wasan mota. 'Yan amshi su yi ta dariya, ban damu ba.

Waya a cikin danfo, kana ƙoƙarin rinjayar kwandasta da hon daga Oshodi har Iyana-Ipaja, ka cinye rabin muryar tun a hanya, tura saƙo. Raɗa ba hutu ba ce, matse maƙogwaro take yi. Yawan gyaran murya ma bugun tantanin ne, haɗiyi yawu ko ka kurɓi ruwa. Taba da shisha ba sai na faɗa ba. Goro ranar wasa na daina, busar min da baki yake yi. Ruwan sanyi da ake ta tsoro ban ga ya kai waɗannan illa ba, ko da yake ni ma ba na sha, sabo ne kawai.

In dishewa ta wuce sati uku, a ajiye jiƙo a nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai su a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH na Ikeja. Da 'yar na'ura mai kyamara suke leƙawa, ka ga tantanin naka a allo suna buɗewa suna rufewa. Ni a nan na ga nawa sun kumbura sun yi jawur.